Baƙin Man Kakanki

Ƙofar Durbi,
Katsina.
Ranar Alhamis, da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin gama zagayen sallama gidajen gwaggwanninki, kin same su lafiya da su da yaransu. Allah ya sa aikin nan da kika samu a Jos ya zame miki alheri. Ya kai ki lafiya ranar Asabar, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutanen hanya, ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronsa. Amin.

Bayan haka, na san dariya za ki yi in mahaifiyarki ta miƙa miki takardar nan. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga ubanki yana aiko miki da wasiƙa kamar yana Makka. To, kin san halina. Sunan mahaifiyata gare ki, ko tsawa ban taɓa iya yi miki ba, balle in zaunar da ke in buɗe miki cikina. Biro ya fi bakina ƙarfin hali.

Gwaggwanninki sun riga sun cika miki kunne da maganar salla a kan lokaci da kamun kai da sayen bargo mai kauri. Duk ki riƙe, gaskiya suka faɗa. Ni kuwa a kan baƙin mai zan yi miki magana, kada ki ce tsufa ya fara taɓa ni.

Kakanki na Ƙofar Sauri, mahaifin mahaifiyarki, ya aiko cewa gobe Juma'a da safe a kai masa motar da na ba ki. Kin san al'adarsa. Duk ɗa ko jikan da zai bar gari da mota ko babur, sai an kai garejinsa ya yi juyen mai da hannunsa. Ya yi bisimilla ya zuba, ya rufe bonet, ya dafa shi ya yi addu'a. Wasu tsofaffin da ƙullin goro suke sallamar nasu, shi da baƙin mai yake sa albarka. Har ya aika an sayo galan, mahaifiyarki ta gan shi a gefen gadonsa jiya. Ta faɗa mini lambar da ke jikinsa, tun lokacin hankalina bai kwanta ba, don ba shi ne man motar nan ba. In aka zuba shi kika shiga sanyin Jos, ban san inda za ta ajiye ki ba. In kuma aka hana tsohon nan zubawa, an karya masa zuciya, ga shi idonsa ya yi yana, wataƙila naki ne juyen ƙarshe da zai yi. Ni na kawo mu wannan tsaka mai wuya, kuma gara ki ji yadda aka yi daga bakina.

Motata ta farko, akwalar da aka ɗauko ki a cikinta daga asibiti kina jaririya, kakanki ne ya raya ta. Wallahi shi ya raya ta. Irin motocin da ne, injinsu a sake yake, kome aka ba su ci suke. Shi ya koya mini gwajin mai. Ya ɗiga a babban yatsa, ya murza da manuni, ya raba su a hankali. In ya ja zare, ya gyaɗa kai. In bai ja ba, ya yarfe hannu ya ce, “Wanga ai koko ne. Zafin Katsina sai mai kauri.” Kuma a kan waccan motar gaskiyarsa ce, ta kai mu Daura ta kai mu Sakkwato ba ta taɓa kunyata mu ba.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki maganar na mai da ita karatu. A ɗakin malamai na makarantar da na koyar, duk wanda ya sayi mota sai na tsare shi da wa'azin kauri, ko irin motarsa ban tambaya ba. Har abokan aiki suka laƙaba mini Malam Kauri, ina ta washe baki ina tsammanin yabo ne. Ke da kika karanci haɗa magunguna kin fi ni sanin cewa ƙwayar da ta tayar da babba tana iya kwantar da yaro. Don haka duk abin da wani babba ya koya miki, ki karɓa da hannu biyu, amma ki tambayi kanki a kan wane abu ya gwada shi, kuma a wane zamani. Kada ki raina shi, kada kuma ki yafa wa kowa.

Na biyun ya fi nauyi. Da na yi ritaya na sayi wannan motar ta hannu, wadda na ba ki yanzu, washegari na kai masa ya sa albarka. Na tuɓe takalma tun daga nesa yadda na saba, na durƙusa, muka yi gaisuwa har ta ƙare. Kin sani, tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya zagaya motar yana shafa ta yana yi mata magana, don shi da mota hira yake. Ya ɗaga bonet, ya kwance marfin wurin zuba mai, ya miƙo mini ya ce, “Malam, riƙe mini.”

Ummi, marfin nan a tafin hannuna yake. A samansa masu motar sun rubuta lambar man da take sha, ɓaro-ɓaro, har ana jin tudun rubutun da yatsa: 5W-20, wato tsinkakken mai. Na ɗaga kai na ga galan ɗin da ya jawo, 20W-50, mai kaurin nan nasa. Na karanta wannan, na karanta wancan. Ba rashin sani ba ne, don wanda ya sayar mini da motar sai da ya ja kunnena a kan haka. Na juya marfin a hannuna. Ta yaya zan ce da surukina, a garejinsa, a gaban maƙwabtansa masu faci da masu walda, “Baba, ba shi ba ne”? Ya lura ina motsi, ya ce, “Malam, da magana?” Na ce, “Babu, Baba. Allah ya ƙara girma.” Ina tsaye ya juye galan ɗin kaf, na miƙa masa marfi ya rufe.

Injin zamani hanyoyin mansa sirara ne. Ki ɗauka kamar an ba ki kunu mai kauri an ce ki zuƙa da tsinken shan lemo. Da safe, kafin man ya kai saman inji, ƙarafa sun riga sun gogi juna a bushe. Ba rana ɗaya abin yake nunawa ba. Ta fara da ƙara in an tashe ta, kaf-kaf-kaf, sai ta ɗumama ta yi shiru. Ta yi nauyi, ta koyi shan fetur, wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Na mayar masa. Ya kara kunne ya saurara, ya ce, “Ƙishirwa take ji,” ya ƙara mata wanda ya fi na farko kauri. Ƙarar ta lafa. Ni kuma don son zuciya na ce da kaina, to ka gani, tsoho ya san abinsa. Sau nawa aka yi juye a haka, marfin yana hannuna, bakina a rufe.

Sauran kin sani, don kina kujerar baya. Ranar da za mu biki Funtuwa da damina, inji ya buga a tsakanin garuruwa, inda ba gida gaba ba gida baya. La'asar ta wuce, kuma kin san irin hanyar, ba wanda yake son yamma ta same shi a kanta. Motoci suna wucewa a guje, ba mai ko rage tafiya, ban kuma ga laifinsu ba. Mahaifiyarki ta ja hijabi ta rufe fuska tana karanto duk addu'ar da ta sani. Ke kuwa kina ta cewa, “Baba, ba komai, wani zai tsaya.” Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin haushin kaina haka ba. Allah ya jefo mana wani direban motar albasa ya ja mu har gari, ko sunansa ban samu na tambaya ba. Bakaniken da ya buɗe injin bai faɗa mini sabon abu ba. Ya nuna mini saman injin ya cinye, ya tambayi man da ake zubawa, na faɗa, ya dube ni ya ci gaba da aikinsa.

Ga abin da nake so ki ɗauka a nan. Kunya ado ce, da ita aka raine mu, kuma ba na fatan ki zubar da ita a Jos. Amma ni a garejin nan ba kakanki na kare ba, fuskata na kare. Na guje wa zafin da za ta yi na ɗan lokaci, na ɗora kuɗin abin a kan rayukanku ku biyu a bakin daji. Wata rana babban likita, sa'an ubanki, zai rubuto magani ki ga adadin bai yi daidai ba. Kunyar da ta hana ni magana za ta nemi hana ki. Ki tashi ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi gaisuwar girma, ki nuna masa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ya yi fushi ya huce, mara lafiyar dai ya koma gida da ƙafarsa.

Kin zaci na yi hankali bayan wannan? Ina! Da muka dawo na ce da kakanki ƙaddara ce, motocin yanzu ba su da ƙwari. Ya yarda, ya yi ta yi wa masu ƙera su faɗa. Aka gyara inji, sai na ƙirƙiro dabara ina ganin na yi wayo. In lokacin juye ya yi, in kai masa ya zuba nasa ya yi addu'a, in yi godiya in lallaɓa da motar wani gareji a Kambarawa, a zubar da nasa a zuba na daidai. Kowa ya samu abin da yake so, in ji ni. Ashe kifi na ganinka mai jar koma.

Wata rana na kai ta ya duba birki kawai. Hannunsa da ya saba, sai ya zaro geji, siririn ƙarfen nan na duba mai. Ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya raba. Ba zare. Ya sake murzawa, ya kai hanci ya shinshina. Bai dube ni ba. Ya dafa motar ya ce da ita a hankali, “Ke kuma wa ya shayar da ke koko? Halan kin yi sabon gida.” Ya mayar da geji, ya goge hannu da tsumma, ya gyara birkin tsaf. Da zan tafi ya ce, “Malam, ido ya yi rauni. A riƙa kai wa yara.”

Tun daga ranar bai sake taɓa motar nan ba. Gaisuwarmu tana nan cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi labarin ruwa. Amma akwai tsohuwar kujerar motar nan da ke gindin bedi a bakin garejin, wadda in na je yakan ce, “Malam, bisimilla,” in zauna gefe muna sauraron rediyo. Bai sake nuna mini ita ba. Wallahi Ummi, ina kewar kujerar nan. Mutum ne da ya ba ni ɗiyarsa ina ƙaramin malami mai keke, bai tambaye ni abin da na tara ba.

Wannan shi ne mafi munin ukun. Na ɗauka ladabi nake yi, alhali na mai da dattijo kamar yaron da ake karɓar tuwon ƙasarsa a yi kamar an ci, a zubar a bayan ɗaki. Da na faɗa masa gaskiya tun farko, da zafin yini ɗaya zai ji, ya san kuma na ɗauke shi mutumin da zai iya jin gaskiya. Duk wanda kike girmamawa, kada ki lallaɓa shi da ƙarya, ko da ƙaryar mai kyan fuska ce. In ya gane, kuma zai gane, ba kuskuren da aka ɓoye masa ne zai dame shi ba, yadda aka ɗauke shi ne.

Na taɓa roƙon mahaifiyarki ta yi masa bayani. Ta ce, “Malam, ni ce ɗiyarsa ta fari, ko sunana ba ya faɗa. Ta ina zan fara?” Gaskiyarta ce. Ka ga gida cike da mutane masu ƙaunar tsoho, an rasa mai faɗa masa lamba huɗu.

Sai na tuna da ke. A duk zuriyar nan ke kaɗai kike shiga garejin da takalmi. Yana hango ki zai fara, “Ga amaryata marowaciya, yau ma ba tuwo? Na sake ki!” Ke kuma ki ce, “Tafi can, wa zai zauna da ango mai baƙin hannu?” Ki cire masa hula, ki lalube aljihunsa ki kwashe dabino, yana dariya har da tari. Abin da suruki ba ya iya faɗa, da abin da ɗiyar fari ba ta iya faɗa, jika tana faɗarsa cikin wasa a wuce wurin. Don haka na ɗauki biro da niyyar in roƙe ki, gobe in ya jawo galan, ki ce, “Angona, amaryar zamani ba ta cin tuwon jiya,” ki miƙa masa na daidai, wanda na riga na saya yana cikin but ɗin motar.

A nan na ajiye rubutu na tafi masallaci. Da na dawo daga Azahar na karanta wa mahaifiyarki abin da na rubuta, ina jiran ta yaba. Tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, “Wato ka aike ni ban je ba, yanzu jikar za ka aika. Malam, kai yaushe za ka je?”

Na sake duban rubutun, na ga gaskiyarta ce. Na cika takarda ina koya miki ki tashi ki sami babba ki faɗa masa gaskiya, a ƙarshenta kuma ina neman in laɓe a bayan zanenki. Ban yage abin da na rubuta ba, na bar shi ki gani, don ki san hali ba ya sakin mutum don ya yi furfura. Ki kula da naki tun yanzu.

Kafin in manta, ga 'yan abubuwa game da motar, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Duk inda za a yi miki juye, ki tsaya a wurin, kada ki bar makulli ki tafi kasuwa. Ki karanta marfi, ki karanta galan, ki tabbata a gabanki aka fasa hatiminsa. Za su ce miki, “Hajiya, ƙasarmu da zafi, sai mai kauri.” Ki yi murmushi ki ce kin gode, a zuba wanda aka rubuta. A canza filta tare da man. Da safe a Jos in kin tashe ta, ki ɗan saurara mata kafin ki taka. In ta yi baƙuwar ƙara, ki nemi dalilin ƙarar, kada ki yarda da mai cewa zai sa ta yi shiru. Kuma don Allah kada La'asar ta same ki a kan doguwar hanya, ko wa ya mutu. Ki kwana inda kike, ki kira mahaifiyarki.

To, ga abin da na yanke. Yau in an sauko daga La'asar zan tafi Ƙofar Sauri ni kaɗai, a ƙafa. Zan tuɓe takalma in durƙusa yadda na saba. In gaisuwa ta ƙare ya ce, “Malam, da magana?” zan ce akwai. Idonsa ba zai karanta lamba ba, amma bai taɓa yarda da ido kamar yadda ya yarda da yatsunsa ba. Zan sa masa marfin a tafin hannu, yadda ya sha sa mini, ya shafa tudun rubutun da kansa. Zan faɗa masa tun ranar farko na gani na yi shiru, in faɗa masa gaskiyar hanyar Funtuwa da ta Kambarawa, in nemi gafararsa. Sannan in roƙe shi gobe ya zuba wa amaryarsa tsinkakken da hannunsa, ya dafa bonet ya yi mata addu'a. Galan ɗin da ya saya ba zai tashi a banza ba, tsohuwar akori-kurarsa tana nan, ita har gobe mai kauri take so.

Ban san yadda zai karɓa ba. Yana iya miƙo mini marfin ya ce a kai wa yara. In haka ta faru, ni na jawo, kada ki riƙe shi a zuciya. Abin da nake roƙo a wurinki kaɗan ne. Gobe ki shiga garejin da takalminki da tsiwarki kamar kullum, ki cire masa hula, ki ba shi hanyar da zai yi dariya. Nauyin maganar nawa ne, na ɗauka.

In kin dawo kin ga motar a ƙofar gida, kada ki tashe ta. Marfin yana aljihuna. Na kwance shi tun yanzu don kada in sami hanyar fasawa.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Ya kiyaye ki a zaune da a tafe, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ya ba ki harshe mai taushi da zuciyar da ba ta tsoron buɗe shi. Mahaifiyarki tana sa miki albarka, ta ce kuma kada ki manta da yajin da ta daka miki. Ga ladan can ya fara gyaran murya. Ke ma ki sa ni a addu'a, don wallahi yau Ƙofar Sauri ta fi mini Jos nisa.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinki.